Akwatin Wutar Injin CNC na Haɗin Gida: Haɗa Wayoyi da Saita Lambobi

Moton da ke tura yawancin injinan CNC na haɗin gida, wato injinan sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ba ya ba da labarin inda ya kai. Irinsa ake kira moto mai taku, domin taku-taku yake juyawa, kowane taku digiri 1.8, wato taku 200 ke cika zagaye ɗaya. Allon sarrafawa yana aika bugun lantarki, kowane bugu yana nufin taku, sannan allon ya ƙirga abin da ya aika ya ɗauka cewa bakin yankan yana daidai inda lissafi ya nuna. Halinsa halin makaho ne da ya haddace yawan takun da ke tsakanin ɗakinsa da masallaci: muddin ƙirgen bai ɓaci ba zai isa ƙofa, amma idan taku ya zame masa babu abin da zai sanar da shi. Idan moton ya kasa cika taku goma saboda nauyi ko zafi, ko wani bugun ƙarya ya kutso cikin waya, allon zai ci gaba da aiki hankalinsa kwance, duk abin da aka sassaƙa daga nan kuma ya karkace. Nan ne asalin koken da mai warsha a Jidda ko Makka yake ji daga yaronsa, "Mu'allim, injin ya kauce layi", bayan an riga an ɓata ƙofar katako mai tsada ko allon sunan shago. Haɗa wayoyin akwatin wuta da saita lambobinsa duka don kare wannan ƙirgen ake yin su.

Zanen da aka yi a kwamfuta ana mayar da shi rubutun G-code, wanda jerin umarni ne na zuwa wuri kaza da gudu kaza. Allon sarrafawa yana juya umarnin zuwa sigina biyu ga kowane layin tafiya, ɗaya na bugu ɗaya na shugabanci, wato ɓangaren da moton zai juya, sai direban moto ya karɓi waɗannan raunanan sigina na volt 5 ya tura wuta mai ƙarfi cikin kwayil ɗin moton. Manhajar da masu haɗin gida suka fi farawa da ita ita ce GRBL, wadda Simen Svale Skogsrud ɗan ƙasar Norway ya fara rubutawa a 2009, Sungeun Jeon kuma ya ci gaba da ita. Tana aiki a kan ƙaramin allon nan Arduino Uno, tana tafiyar da layi uku, X da Y da Z, kuma iyakarta bugu 30,000 ne a daƙiƙa. Akwai magadanta irin su grblHAL da FluidNC, waɗanda ke aiki a kan alluna masu sauri, akwai LinuxCNC, akwai kuma Mach3 da aka gina ta asali a kan tsohuwar kafar firinta mai fil 25. A ganina, wanda zai sayi kaya yau gara ya ɗauki allo na zamani da ke zuwa da kariyar kafofin shiga, amma da lambobin GRBL zan yi misali, tun da su ne aka fi sani.

Wuta iri uku ce ke zaune cikin akwati ɗaya: wutar gida, wutar DC ta motoci mai volt 24 zuwa 48, da wutar sigina mai volt 5. Ta farkon ce ke kisa, kuma a Saudiyya tana da wani sirri da bayanan da ake samu a intanet ba sa kulawa da shi, saboda yawancinsu don Turai ko Amurka aka rubuta su. Tsohon tsarin wutar gidaje a nan 127/220 ne, wato tsakanin waya mai wuta da nutiral akwai volt 127, tsakanin wayoyi biyu masu wuta kuma akwai volt 220. A 2010 Majalisar Ministoci ta yanke shawarar komawa tsarin 230/400, inda volt 230 ke tsakanin waya mai wuta ɗaya da nutiral, amma sauyin a hankali ake yin sa, har yanzu kuwa akwai gine-ginen da ke kan tsohon tsari. Ma'anar wannan ga mai haɗa inji ita ce, a tsohon gini soket mai volt 220 ba shi da nutiral, wayoyinsa biyu duka masu wuta ne. Idan aka sa makunni ko bireka mai yanke waya ɗaya kamar yadda zanen Turai ya nuna, injin zai mutu, fitilunsa su ɗauke, amma ɗaya wayar tana nan da volt 127 cikin akwatin tana jiran hannun da zai shiga gyara. Saboda haka bireka da kwantaktar akwatin, wato makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa, dole su zama masu yanke wayoyin biyu, kuma kafin a sayi komai a auna soket ɗin da mita: tsakanin ramuka biyun, sannan tsakanin kowane rami da wayar ƙasa. Awon nan zai nuna tsarin da ginin yake kai, zai kuma ba da alama ko bakin soket na uku yana da wayar ƙasa a bayansa da gaske, domin ganin soket mai baki uku ba hujja ba ce.

Na'urar da ke juya wutar gida zuwa DC, wadda masu aiki ke kira fawa, sau da yawa tana da ɗan makunni ja a gefenta mai zaɓi tsakanin 115 da 230. A ginin da ke da soket na 127 da na 220 a bango ɗaya, wannan makunnin abin lura ne ƙwarai: idan yana kan 115 aka jona shi a 220, fawar ta ƙone nan take. Batun mita kuma, wutar Saudiyya 60 Hz ce, alhali kayan da aka ƙera don Turai ko Sin ko Najeriya na 50 Hz ne. Fawa da inbata, wato na'urar da ke juya moton yanka, ba su damu da wannan ba, domin abu na farko da suke yi shi ne mayar da wutar zuwa DC. Wanda abin ya shafa shi ne moton injin zuƙe ƙura da famfon ruwa, waɗanda ke bin mitar wutar kai tsaye. Moton 50 Hz zai ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari a nan, kuma tun da ƙarfin da fanka ke ci yana hawa da gudun da aka ninka da kansa sau uku, wato 1.2 × 1.2 × 1.2, nauyin da ke kan moton zai kai kusan ninki 1.7. Sai a duba farantin jikinsa a tabbatar an rubuta 60 Hz.

Zaɓen ƙarfin fawa ya dogara da moton. Kwayil yana jinkirta hawan wuta a cikinsa, idan kuma takun suka yi sauri, wutar ba ta gama hawa ba sai lokacin taku na gaba ya zo, shi ya sa ƙarfin moto mai taku ke raguwa da ƙaruwar gudu. Maganinsa ƙarin volt, direban kuma ya riƙe amfiya a iyakar da aka saita. Kamfanin Geckodrive ya ba da ƙa'idar da aka daɗe ana bi: a ɗauki indoktans ɗin moton da aka rubuta da mH, a cire tushen murabba'insa, a ninka da 32, abin da ya fito shi ne volt mafi yawa da ya dace. Moton NEMA 23 mai 3 mH zai ba da kusan volt 55. Amma direban DM542 iyakarsa volt 50 ne, kuma idan inji mai nauyi yana tsayawa motocin sukan mayar da wuta baya su ɗaga volt ɗin na ɗan lokaci, don haka fawa mai volt 48 ta yi kusa da bakin iyaka. Volt 36 ya fi kwanciyar hankali ga irin wannan direban. Kowane direba a ja masa wayoyinsa biyu kai tsaye daga fawa. Jona na biyu a jikin na farko, na uku a jikin na biyu, yana sa motsin wutar ɗaya ya riƙa shafar sauran, littafin kamfanin Leadshine mai ƙera DM542 ma ya hana yin haka.

Moto mai waya huɗu kwayil biyu ne da shi, kuma launin waya ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da nasa. Mita ce ke raba gardama: wayoyi biyun da suka nuna haɗi da juna su ne kwayil ɗaya, su tafi A+ da A-, sauran biyun su tafi B+ da B-. Idan aka gauraya su moton zai yi gurnani yana rawa a wuri ɗaya. Musanya wayoyin kwayil ɗaya kuwa juya shugabancin moton kawai yake yi, kuma da haka ake daidaita motoci biyu da ke fuskantar juna a layin Y. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne cire wayar moto ko jona ta alhali direban yana da wuta, domin kwayil da aka katse ba zato yana watsa volt mai yawa da ke kashe direba. Sukurun da bai ɗauru ba a bakin direba daidai yake da cire wayar, sai dai shi girgizar inji ce ke cire shi.

A jikin DM542 akwai ƙananan makunnai takwas: uku na farko na amfiya, na huɗu na rage wutar zuwa rabi idan moto yana tsaye, huɗu na ƙarshe na rarraba taku, wato raba kowane taku zuwa ƙanana. Teburin amfiya yana da ginshiƙi biyu, na ƙololuwa da na matsakaici, misali 4.2 da 3.0 a layi ɗaya, kuma rashin lura da wannan na sa mutum ya ba moto ƙasa ko sama da abin da yake zato. Anan zafin ƙasarmu ke shigowa. Yawancin motocin nan an rubuta musu cewa zafinsu zai iya hawa da digiri 80 a kan zafin ɗaki, kuma warsha mai rufin kwano a Makka, inda zafin bazara ke haura digiri 45, ta riga ta cinye babban kaso na wannan rangwame tun kafin a kunna komai. Inbata da yawa ma daga digiri 40 ake fara rage musu nauyin da za su ɗauka. Direban da ya yi zafi yakan yanke kansa, layin ya tsaya, allon kuwa bai sani ba. Shawarata a saita amfiya mataki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta wa moton, a bar makunni na huɗu a kashe (OFF), domin a hakan ne yake rage wutar zuwa rabi, a sa wa akwatin fanka mai hura iska ciki ta bayan matata, yadda iskar za ta fita ta sama kuma ƙura ba za ta samu kafar shiga ba. Ƙurar katako tana toshe masu sanyaya, ɓarɓashin alminiyam yana haɗa wuta, a Jidda kuma danshin teku yana sa ƙurar ta manne tana cin bakin wayoyi.

Kafofin sigina na irin wannan direban a rabe suke da sauran kewayensa ta hanyar ɗan haske da ke cikinsa, shi ya sa kowane sigina ke da baki biyu, PUL+ da PUL-, DIR+ da DIR-. Ana iya haɗa duk masu ragi da ƙasan allon a tura sigina ta masu ƙari, ko a haɗa masu ƙari da volt 5 a tura sigina ta masu ragi. Duk hanyoyin biyu suna aiki, sai dai a ta biyun siginar ta juye, don haka sai an gaya wa GRBL ta lambar $2, ɗaya daga cikin lambobin saitinta da ke farawa da alamar $. Direban yana buƙatar bugu mai tsawon aƙalla makirosakan 2.5, da siginar shugabanci ta riga bugun da makirosakan 5. GRBL tana zuwa da $0 a kan 10, wanda ya wadatar.

Babban maƙiyin waɗannan raunanan sigina yana cikin akwatin tare da su, wato inbatar VFD da ke juya moton yanka. Moton yanka na kilowat 1.5 ko 2.2 da ake kawowa daga Sin yawanci mai waya uku ne, volt 220, yana kai zagaye 24,000 a minti a kan 400 Hz. Inbatoci da yawa kuwa suna zuwa a saite don moton 50 Hz. Idan aka kunna haka, inbatar za ta zuba cikakken volt 220 tun a 50 Hz, inda moton ke buƙatar kashi ɗaya cikin takwas na hakan kawai, kwayil ɗinsa kuma ya ƙone cikin ɗan lokaci. Kafin a danna makunnin farawa sai an saita mita mafi girma da mitar tushe a 400, an shigar da volt da amfiyar da ke jikin moton. A inbatar Huanyang waɗannan su ne PD005 da PD004, da PD141 da PD142. Ba a sa makunni tsakanin inbata da motonta, kuma bayan an kashe wuta kafasitocinta suna riƙe da volt fiye da 300 na wasu mintoci, don haka a jira sannan a auna kafin a taɓa.

Inbata tana ƙera wutarta ne ta hanyar yankewa da kunnawa sau dubbai a daƙiƙa, wannan kuma yana watsa hayaniyar lantarki da ke hawa duk wayar da ta kusance ta. Ita ce ke sa kebul ɗin USB ya katse a tsakiyar aiki, ko injin ya tsaya yana cewa ya taɓa iyaka alhali yana tsakiyar tebur. Wayar moton yanka ta zama mai jijiya huɗu da sulke, wato ragar ƙarfe da ke lulluɓe jijiyoyin, a ɗaure sulken da jikin ƙarfe a ɓangaren inbata da ɓangaren moto. A moton Sin da yawa fil na huɗu na mahaɗin bai haɗu da jikin moton ba ko kaɗan, sai an buɗe murfin an haɗa shi, mita ce kuma za ta nuna. Wayoyin sigina su ma masu sulke, amma nasu sulken a haɗa shi a ɓangaren akwati kawai. Kada su bi hanya ɗaya da wayar inbata, idan kuma ya zama dole su haɗu to su gitta juna. Duk wayoyin ƙasa, na jikin inji da akwati da fawa da inbata, su taru a kan sandar tagulla ɗaya, daga nan waya ɗaya ta tafi ƙasan ginin. Wani lokaci matatar hayaniya ta inbata tana sa birekar kariya mai miliamfiya 30 ta riƙa faɗuwa, wasu kuwa sukan cire wayar ƙasa don su huta. Wannan ganganci ne da rai, tun da wutar da ke yoyo za ta zauna ne a jikin injin.

Makunnan iyaka, waɗanda ke sanar da allo cewa layi ya kai ƙarshe, iri biyu ne, mai zama a buɗe da mai zama a rufe. Na biyun ya fi, saboda idan wayarsa ta tsinke allon zai ɗauka an taɓa iyaka ya tsaya, alhali na farkon idan ya tsinke babu wanda zai sani sai ranar da injin ya doki bango. Kewayen da ke rufe kuma ya fi jure hayaniya, domin abin da ke riƙe kafar Arduino a sama rezista ce mai rauni ta om 20,000 zuwa 50,000. Ana gaya wa GRBL wannan zaɓi da $5=1, idan kuma layi yana da makunni biyu sai a jera su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani tarko a kan allon CNC Shield V3 mai araha: an rubuta sunayen kafofinsa bisa tsohuwar GRBL, amma sabuwar ta mayar da iyakar Z zuwa fil na 12 ta bar na 11 don gudun moton yanka, saboda haka makunnin Z sai a jona shi inda aka rubuta SpnEn. Jan maɓallin gaggawa kuwa aikinsa ya yanke wutar kwantakta, ba roƙon manhaja ta tsaya ba, domin manhajar da ta rikice ba ta jin roƙo.

Lambobin da suka fi muhimmanci su ne $100 da $101 da $102, yawan bugun da ke tafiyar da milimita ɗaya a kowane layi, kuma lissafi ke fitar da su. A ninka 200 da rarraba takun da aka saita a direba, a raba da nisan da zagaye ɗaya ke tafiya. Sandar sukuru ta SFU1605 tana tafiya milimita 5 a zagaye, don haka da rarrabawa 8 za a samu 320. Bel na GT2 a kan fuli mai haƙori 20 yana tafiya milimita 40, da rarrabawa 16 za a samu 80. Sandar T8 da aka fi sayarwa tazarar zarenta milimita 2 ce amma zare huɗu ne da ita, don haka tafiyarta milimita 8 ce, wanda ya yi lissafi da 2 kuwa zai ga injinsa yana ninka kowane awo sau huɗu. Mutane suna son ɗaga rarrabawar zuwa 32 ko fiye da zaton ƙarin daidaito, amma kuskuren moton kansa ya kai kashi 5 cikin ɗari na cikakken taku, abin da rarrabawa ke ƙarawa sosai shi ne laushin tafiya da raguwar ƙara. Tana kuma cin gudu: da bugu 30,000 a daƙiƙa, 320 zai ba da kusan milimita 5,600 a minti, amma 1,280 da rarrabawa 32 ke bayarwa zai tsaya a kusan 1,400. Rarrabawa 8 ko 16 ta ishi injin katako.

Gudu mafi girma, $110 zuwa $112, da saurin ɗaukar gudu, $120 zuwa $122, su gwaji ke fitar da su. A riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har moton ya tsaya yana kuka, sannan a sauko da kusan kashi 30 cikin ɗari, gwajin kuma a yi shi da rana tsaka bayan motocin sun yi zafi, domin lambar da ta yi aiki bayan sallar asuba ba lallai ta yi bayan azahar ba. Daga nan a daidaita shugabanci da $3 yadda Z mai ƙari zai ɗaga baki sama, a kunna neman gida, wato komawar inji kan makunnan iyaka don ya san mafarinsa, da $22, a rubuta tsawon tebur a $130 zuwa $132, sannan a kunna $20 don manhajar ta ƙi duk umarnin da ya wuce tebur.

Idan duk da haka injin ya ci gaba da kaucewa, yanayin kaucewar yana nuna inda matsalar take. A ɗora agogon awo a gefen layin, a sa injin ya je ya dawo sau da yawa ba tare da yanka ba. Idan ya dawo daidai da moton yanka a kashe amma ya kauce da aka kunna shi, hayaniya ce, a koma kan sulke da wayar ƙasa. Idan sai bayan ya daɗe yana aiki yake kaucewa, zafi ne. Giɓi mai girma ɗaya a duk juyawa wanda ba ya taruwa na ƙarfe ne, ko sako-sako a sanda ko mahaɗin da bai ɗauru ba. Wanda ke taruwa kaɗan-kaɗan zuwa gefe ɗaya gwargwadon yawan juyawa kuwa yana nuna cewa direban yana karanta bugun kafin siginar shugabanci ta zauna, sai a juya $2 na wannan layin a sake gwajin.